Wa ke da hanya a lambun Central Park?

A gefen kudu na lambun Central Park da ke tsakiyar birnin New York, akwai wuraren da mai tafiya a ƙasa kan tsaya da hantsin Asabar yana neman ya ƙetare titin da ya zagaye lambun. Tun 2018 aka hana motocin jama'a bin titin nan, amma har yau ƙetare shi sai an yi shiri. Masu gudun motsa jiki na tafe ayari-ayari. Masu keken tsere sun sunkuyar da kai suna wucewa kamar kibiya, a bayansu kuma baƙi ne 'yan yawon buɗe ido a kan keken haya, suna tangal-tangal, hannu ɗaya a kan keke, ɗayan riƙe da waya. Ga keken doki yana tafe ƙwas-ƙwas, ga mai keken fasinja yana taka feda da mutum uku a bayansa, ga kuma ɗan aike a kan keken lantarki da abincin wani a jaka, yana sauri kada ya huce. A bakin titi tsohuwa ce da sandarta da wata uwa mai tura jariri. Su sa ƙafa su janye, su sake sawa su janye.

Duk cikin mutanen nan babu wanda ya hauro ta katanga. Kowa da haƙƙinsa a lambun, nan kuwa wahalar take. Filin eka 843 ne, tsawonsa kilomita 4, faɗinsa bai wuce mita 800 ba, ana kuma ƙiyasta cewa ana ziyartarsa sau miliyan 42 a shekara. Shekara fiye da 160 ke nan masu kula da shi suna fama da tambaya guda: in mai sauri da mai nawa sun haɗu a hanya ɗaya, wa zai kauce? Wanda ya bi tarihin zai ga duk sa'ad da aka bar abin a hannun allon doka da kirkin mutane, kashin dankali ake yi, babba ya danne ƙarami. Mai rauni bai taɓa samun sarari ba sai an gina masa tasa hanyar a ƙasa, ko kuwa ya tashi ya ƙwace ta da kansa.

Rabon farko ma da danniya aka yi shi. A 1853 majalisar jihar New York ta ba da izinin karɓe filin, alhali ba daji ba ne, akwai mutum wajen 1,600 zaune a cikinsa. Daga cikin matsugunan akwai Seneca Village, ƙauyen da aka kafa tun 1825, wanda yawancin mazaunansa baƙaƙen fata ne masu filaye da gidajen kansu, da majami'u uku da makaranta. Zuwa 1857 an tashe su duka. Ya kamata duk mai yabon lambun nan ya riƙa farawa da faɗin wannan, domin a kan gidajen wasu aka shimfiɗa wurin hutawar kowa.

A 1858 aka yi gasar zanen lambun, zane 33 suka shiga, na Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ya ci. Hukumar lambun ta gindaya sharaɗin cewa dole a bar hanyoyi huɗu da za su ratsa daga gabas zuwa yamma, domin ba a iya toshe wa gari hanya na tsawon kilomita 4. Amalanken kaya da na gawayi da duk hayaniyar kasuwa sai sun bi ta ciki. Dabarar da mutanen biyu suka kawo ita ce a haƙa waɗannan hanyoyi su nutse ƙasa da lambun, a ɗaure gefensu da dutse, a rufe bakinsu da itatuwa, lambun ya wuce ta samansu a kan gada. Har yau suna nan, a saitin tituna na 65 da 79 da 86 da 97. Mutum zai iya zama a kan ciyawa, bas na wucewa 'yan taku kaɗan daga ƙarƙashinsa, bai gan ta ba.

Da aka shiga aiki, hukuma ta nemi a ƙara wa mahaya dawaki tasu hanyar, sai dabarar ta bazu cikin lambun kansa. Aka yi hanya iri uku: shimfiɗaɗɗen titi na keken doki, da turba mai taushi ta mahaya, da ƙananan hanyoyi masu lanƙwasa na masu tafiya a ƙasa. A mahaɗu masu yawa, maimakon su haɗu, sai ɗaya ta bi ta ƙarƙashin ɗaya. Vaux da abokin aikinsa Jacob Wrey Mould suka zana gadoji da bakuna fiye da 30, na dutse da na bulo da na ƙarfe, babu biyu masu kama ɗaya. Wanda ya san burtali zai gane hikimar nan take. Ba a roƙon saniya ta ji tausayin gero, hanya ake yanka mata a yi shinge, manomi ya kwana lafiya, makiyayi ma haka. Mai tura jariri a 1865 ba ta buƙatar mai keken doki ya zama mutumin kirki, ta ƙarƙashinsa take wucewa. A ganina, cikin duk abin da aka yi a lambun nan daga baya babu wanda ya kai wannan.

Sai dai mutumin da ya yi adalci a zanen hanya bai yi shi a rubutun doka ba. Olmsted shi ne shugaban aikin, shi ya horar da masu gadi masu kayan sarki, kuma a fahimtarsa lambu wurin natsuwa ne, a zo a kalli itatuwa a huta da hayaniyar gari. Aka hana taka ciyawa sai inda aka kafa allon izini. Aka hana taron cin abinci na jama'a, wanda al'ada ce ta baƙin haure Jamusawa da 'yan Ailan. Aka hana amalanken kasuwanci hawa titin, wato mai burodi ko mahauci ba zai ɗebo iyalinsa ran hutu a cikin keken sana'arsa ba, ga shi kuwa ba shi da wani. Ƙwallo ba a yarda a buga ba sai 'yan makaranta maza, su ma sai sun zo da takarda daga shugaban makarantarsu. Kaɗe-kaɗe ran Asabar ake yi, ranar da ma'aikaci ke bakin aiki, don kwana shida ake aiki a mako. Masana tarihi Roy Rosenzweig da Elizabeth Blackmar sun nuna cewa a shekaru goman farko fiye da rabin masu ziyara a keken doki suke zuwa, alhali waɗanda ke da halin mallakar irinsa ba su kai kashi 5 cikin 100 na mutanen birnin ba. Dokokin nan babu wadda ta ambaci talaka da suna, amma duk a kansa suka sauka.

A hankali matsin jama'a ya sassauta su. A 1884 aka fara kaɗe-kaɗe ran Lahadi, a cikin shekarun nan kuma aka bari a kafa ragar tanis a kan ciyawa. Masu keke sai da aka yi sabuwar doka suka shigo. An hana su a 1880 da hujjar suna firgita dawaki, a 1881 mutum uku suka shiga da gangan don a kama su a je gaban alƙali, shari'ar ba ta yi musu daɗi ba, sai a 1887 jihar ta yi dokar da ta ba keke matsayi ɗaya da keken doki a kan hanya. Mota ta samu izininta na farko a ƙarshen 1899.

Da ƙyar aka bar ta ta shigo, ba a jima ba ta zama mai gida. An tsara titin lambun ne da lanƙwasa da gangan, don kada masu dawaki su mai da shi filin sukuwa. Da motoci suka yawaita sai aka zuba masa kwalta, aka miƙe wasu kwanoni, a 1929 aka mai da shi hannu ɗaya, a 1932 aka kafa fitilun ba da hannu. Titin da aka yi don shan iska ya koma hanyar yanke ga mai saurin zuwa ofis. A 1938 aka rushe Marble Arch, ɗaya daga cikin bakunan da ke ratsa da masu tafiya a ƙasa, don gyara wa motoci hanya. Abin da aka gina don kare ƙafa aka kawar saboda taya.

Wannan rushewa a zamanin Robert Moses ta faru, mutumin da magajin gari Fiorello La Guardia ya naɗa kwamishinan lambuna a 1934, ya riƙe kujerar har 1960. Hukunci a kan Moses ba shi da sauƙi, kuma ba na son in sauƙaƙa shi. Ya tarar da lambu a lalace, ya gyara shi cikin ɗan lokaci da kuɗin gwamnatin tarayya na rage zaman banza. Ra'ayinsa ya saɓa da na Olmsted: shi a wurinsa lambu wurin wasa ne. Kafin zuwansa filin wasan yara mai kayan wasa guda ɗaya ne, na Heckscher, wanda aka buɗe a tsakiyar shekarun 1920. Moses ya jera wajen 20 a gefe-gefen lambun, kusa da ƙofofi, da lilo da ramin yashi da shinge, yadda uwa za ta fito daga gida ta ƙetare titi ɗaya ta isa. Ya kwashe tumakin da ke kiwo a filin Sheep Meadow tun 1864, ya mai da garkensu gidan cin abinci mai suna Tavern on the Green. Tsohon tafkin ajiyar ruwan sha da aka ƙafe, wanda marasa gida suka kafa bukkoki a cikinsa lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, aka cike shi ya zama Great Lawn, wato babban fili, daga baya aka yanka filayen ƙwallon besbol a kansa. Yaron talaka da Olmsted ya ce sai ya zo da takarda, Moses ya ba shi fili. Wannan alheri ne, kuma nasa ne.

Aibinsa shi ne ba ya shawara da kowa, kuma in aka haɗa masa yaro da mota, mota yake zaɓa. A Afrilun 1956 wata uwa da ke zaune a wani ɗan kwari mai inuwa kusa da Tavern on the Green, inda matan unguwar ke kawo 'ya'yansu wasa, ta ga taswirar da ma'auna suka bari a ƙasa. Da ta duba sai ta ga za a share wurin ne a yi wa masu cin abinci wurin ajiye mota 80. Labari ya zaga unguwa. Ranar da katafila ta iso, matan suka fito da kekunan jarirai da yara a hannu suka tsaya a gabanta, direba ya kashe inji, 'yan jarida suka ɗauki hoto. Bayan kamar mako guda Moses ya aiko ma'aikata da tsakar dare, aka kewaye wurin da shinge da 'yan sanda, gari na wayewa aka shiga sare itatuwa mata na kallo suna kuka. Hotunan nan su suka kayar da shi. Kotu ta dakatar da aikin, jaridun da suka shekara ashirin suna yabonsa suka juya masa baya, daga ƙarshe ya janye, aka gina filin wasan yara a wurin. Daga ranar nan mazauna birnin suka gane cewa rabon lambu ba aikin kwamishina shi kaɗai ba ne.

Shekara goma bayan haka iska ta juya. Magajin gari John Lindsay da kwamishinansa Thomas Hoving suka fara rufe titin ga motoci ran Lahadi a 1966, aka faɗaɗa zuwa ƙarshen mako gaba ɗaya. Masu keke suka cika shi, masu gudu suka biyo. A 1970 Fred Lebow da abokansa suka shirya gudun fanfalaki na farko na birnin, duk a cikin lambun, ana zagaya titin nan mai kusan kilomita 10. Mutum 127 suka tashi, 55 suka kai, kuɗin shiga dala ɗaya. Tseren da yanzu dubun-dubatar mutane ke shiga, daga nan ya faro, kuma har yau a lambun ake ƙare shi.

Amma buɗe ƙofa ba tare da mai kula ba shi ma da nasa sharrin. Aka yi ta manyan taruka a kan ciyawa, birnin kuma ya faɗa cikin matsin kuɗi a 1975, aka sallami ma'aikata. Sheep Meadow da Great Lawn suka koma fako, ƙura da rani, taɓo da damina. Fitilu suka mutu, kujeru suka karye, gine-gine suka cika da rubuce-rubucen fenti. A irin wannan hali ba doka ke raba fili ba, ƙarfi ke rabawa: samari majiya ƙarfi su kama inda suke so, tsofaffi da mata da yara su zauna a gida. Lambun kowa ya zama na wanda ba ya tsoro.

Gyaran ya zo ta hannun Elizabeth Barlow Rogers, wadda aka naɗa mai kula da lambun a 1979, da kwamishina Gordon Davis. A 1980 aka kafa ƙungiyar Central Park Conservancy mai zaman kanta, ta riƙa tara gudummawa tana aiki tare da hukumar birni, a 1998 kuma aka rattaba hannu kan yarjejeniyar da ta danƙa mata aikin yau da kullum, filin yana nan mallakar birni. Abin da ƙungiyar nan ta ƙara a kan hikimar 1858 shi ne rabo ta lokaci. Masu zanen farko sun raba wuri, su kuma suka ce ko wuri ɗaya ne ana iya raba sa'o'insa da watanninsa.

A dubi yadda ake tafiyar da ciyawa. Bayan an sake shuka Sheep Meadow, an kewaye shi da shinge mai ƙofofi, aka ware shi wurin hutawa: ba wasan ƙungiya, ba kare, ba lasifika. Mai son ƙwallo ya nufi North Meadow ko Great Lawn ko filayen Heckscher, kuma ƙungiya sai ta nemi izini a ba ta rana da sa'a. Da hunturu ana rufe manyan filayen su huta har bazara, kamar yadda manomi ke barin saura. In an yi ruwan sama kuwa, ma'aikaci kan fito da sassafe ya taka ƙasa ya ji laushinta, in ta jiƙe ya kafa jar tuta a bakin fili. Ma'anar tutar ita ce yau ba shiga. Dalilin a fili yake: jiƙaƙƙiyar ƙasa in aka tattake ta sai ta danƙare, iska da ruwa su kasa ratsawa, saiwa ta mutu, wasan yini ɗaya ya jawo fakon shekara. A 1996 aka raba lambun shiyya 49, kowace da nata mai kula, wanda masu zuwa kullum suka san fuskarsa, shi ma ya san nasu. Mutum ya fi jin kunyar wanda ya gani jiya yana dashe a kan allon da aka kafa. Hanyar gudu da ta zagaye babban tafkin, mai tsawon kilomita 2.5, ita ma an yi mata ƙa'ida: kowa ya bi hannu ɗaya, ba keke, ba kare, ba keken jariri.

Karnuka ma da agogo aka sasanta su. Masu kare na son su sake shi ya yi gudu, iyayen yara da masu kallon tsuntsaye ba sa so. Aka daɗe ana bin wata fahimta ta baka, sai a 2007 ta zama doka: daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, da kuma daga 9 na dare har a rufe lambun, ana iya sakin kare a wasu wurare, sauran lokaci sai da igiya. A kurmin Ramble kuwa, inda tsuntsaye masu ƙaura ke sauka, igiya dole ce ko da yaushe. A nan ne a Mayun 2020 wani baƙar fata mai kallon tsuntsaye ya roƙi wata farar fata ta ɗaure karenta, ita kuwa ta buga wa 'yan sanda waya ta ce wani baƙin mutum yana yi mata barazana. Bidiyon ya zaga duniya. Dokar tana gefensa sarai, amma matar ta san wanda aka saba gaskatawa. Rabon sa'o'i ya warware rigimar kare, bai taɓa tsohuwar tambayar wane ne ake ɗauka ɗan gida a lambun ba.

Ina yaba aikin ƙungiyar nan, amma akwai abu biyu da ke damuna. Na farko, kare ciyawa na iya zama hujjar rufe baki. Great Lawn ya ɗauki manyan taruka a da, irin su wasan Simon da Garfunkel a 1981 da addu'ar Fafaroma John Paul na Biyu a 1995. Bayan an kashe miliyoyin daloli an gyara shi a 1997, aka taƙaita taruka. A 2004, lokacin babban taron jam'iyyar Republican, masu adawa da yaƙin Iraƙi suka nemi yin gangami a wurin, birni ya hana da cewa za a lalata ciyawa, kotu ta goyi bayansa. Ciyawa ana sake shuka ta, ranar da jama'a ke son faɗin ra'ayinsu kuwa in ta wuce ta wuce. Na biyu, kuɗin gudummawa inda masu kuɗi ke zaune yake bi. Lambun nan attajirai ne suka kewaye kudancinsa, har mutum ɗaya, John Paulson, ya ba da dala miliyan 100 a 2012, alhali ƙananan lambunan unguwannin talakawa na jiran abin da ya rage a kasafin birni. Ko a cikin lambun, ɓangaren arewa da ke maƙwabtaka da Harlem ya daɗe yana jin an bar shi a baya. An gyara tafkin Harlem Meer a farkon shekarun 1990, a 2025 kuma aka buɗe cibiyar Davis a madadin tsohon wurin iyo na Lasker. Fili ɗaya ne mai aiki uku: wurin iyo da zafi, dandalin zamiya a kan ƙanƙara da hunturu, shimfiɗar wasa a tsakaninsu. Ya yi kyau, sai dai ya makara.

Mu koma kan titi. Fitar da mota ta ɗauki shekara 52, daga Lahadin farko ta 1966. Aka yi ta ƙara sa'o'in hani, aka rufe wasu ƙofofi, ƙungiyar Transportation Alternatives ta yi shekaru tana tara sa hannun jama'a. A 2015 magajin gari Bill de Blasio ya hana motoci arewa da titi na 72, a ƙarshen Yunin 2018 aka hana su ko'ina, ban da hanyoyin nan huɗu na ƙarƙashi da motocin aiki da na agaji. Mutane da yawa sun zaci rigima ta ƙare. Amma tun kafin nan an ga alama. A 2014, cikin wata biyu a jere, masu keke sun buge mutum biyu, wani dattijo da wata mata, duka suka rasu. Birni ya rage iyakar gudu daga mil 25 zuwa 20 a sa'a. Da babban ya fita, mai bi masa ya hau kujerarsa: keken da ya sha wuya a hannun mota shi ne yanzu abin tsoron mai tafiya a ƙasa.

Wani ɓangare na laifin na titin ne kansa. An bar shi da kayan mota bayan mota ta tafi. Fitilar ba da hannu da aka kafa don mota takan tsayar da mai keke ko babu mai ƙetarewa, sai ya saba da wuce ja. Mai tafiya a ƙasa shi ma ya ga ba mota, sai ya daina duban fitila. Dokar da kowa ke karyawa ta fi rashin doka haɗari, domin tsohuwar da ta amince da koren haske ita za a buge. A 2023 kuma birni ya fara gwajin barin kekuna da ƙananan babura masu lantarki su bi titin, abin ya ƙara cakuɗewa.

A Nuwamban 2024 ƙungiyar lambun da hukumomin birni suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi, a 2025 aka fara sake shimfiɗa titin da zana shi. An ware wa masu tafiya da masu gudu layin ciki, masu keke a hankali na tsakiya, masu sauri da motocin aiki na waje, an kuma sake fasalin mashigai da fitilunsu. Cikin shawarwarin har da a riƙa nuna wa masu tafiya a ƙasa tsofaffin bakunan nan, su bi ta ƙarƙashi su bar titin. Bayan shekara 160 da ɗoriya an komo ga abin da Vaux ya gina da dutse. Fenti ya fi babu, amma fenti roƙo ne, baka kuwa kariya ce.

Rigimar da ke gaba ta keken lantarki ce, kuma akwai masu kiran a kore shi daga lambun baki ɗaya. Tsoronsu gaskiya ne, abin yana da nauyi da gudu. Amma a dubi su wa ke kansa. Da yawansu 'yan aiken abinci ne, baƙin haure daga Latin Amurka da Asiya da Afirka ta Yamma, waɗanda manhaja ke ƙirga musu mintoci, in sun makara abincinsu ya ragu. Ba shan iska ya kawo su ba, ƙetarewa suke daga gabas zuwa yamma, kuma hanyoyin ƙarƙashi huɗu da aka haƙa don masu irin wannan buƙata matsattsu ne, motoci da bas sun cika su, mai keke na shiga da ransa a hannu. Korarsu ba tare da an ba su mafita ba maimaita abin da aka yi wa mai amalanken burodi ne a shekarun 1860. Abin da ya dace shi ne a yanka musu layi mai shinge a waɗannan hanyoyi, a fara da ta titi na 86 wadda nazarin 2024 ya ambata, a kuma tilasta wa kamfanonin aike su sassauta agogon da ke kora su. Sai an yi wannan birni zai samu bakin ce musu su rage gudu a gaban tsohuwar da ke bakin titi.